Garuruwan Da Muke Wucewa A Mota

Duk wanda ya taɓa fita daga Sakkwato ya nufi Jega ko Yawuri ya san Boɗinga da Shagari, amma sanin tagar mota ne. A Boɗinga direba yakan tsaya ya ƙara fasinja, a Shagari kuwa a miƙa hannu a sayi abin taɓawa, sa'an nan a wuce. Mu ma haka muka san su shekara da shekaru, har ran da wani yaro a ajinmu ya ba mu kunya.

Darasin tarihi muke yi, muna maganar kafuwar Sakkwato. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ina ruwanmu da labarinsu? Babana ya ce mu baƙi ne a nan, ran da ya gama aiki gida za mu koma." Yaron nan a Sakkwato aka haife shi. Sakkwatanci ne a bakinsa, da "munka" da "sunka" da duka. Gidan da yake faɗa kuwa sau biyu ya taɓa zuwa, lokacin Kirsimati. Ba mu tsawata masa ba, gama mun san inda maganar ta fito. Tun watan Mayu na 2022, da aka kashe wata ɗaliba mai bi a Sakkwato, aka kuma yi tashin hankali har gwamnati ta sa dokar hana fita, iyaye da yawa a cikinmu sun riga sun ɗaure kayansu a zuci, ko da yake jikinsu yana nan. 'Ya'ya kuwa suna jin abin da ake faɗa da dare.

Abin da ya ba mu kunya shi ne ba mu da amsa mai ƙarfi. Mun san Irmiya sura 29, inda annabin ya aika wa waɗanda aka kai Babila wasiƙa, ya gargaɗe su su zauna zaman gaske a garin, su yi masa addu'a. Amma yaya mutum zai yi wa gari addu'a, bai san ko sunan unguwanninsa ba? Saboda haka muka roƙi izinin shugaban makaranta da na iyaye, muka yi hayar ƙaramar bas wata Asabar cikin hunturu. Yara 18 suka tafi. Waɗansu iyaye sun hana nasu, ba mu kuwa ga laifinsu ba.

Boɗinga tana kudu da Sakkwato, mil 15 ko kusa da haka, bayan an wuce hanyar filin jirgin sama. Yau ana ganinta kamar bayan garin Sakkwato, inda ma'aikaci zai kwana ya sammako ofis. To, amma akwai lokacin da ba haka abin yake ba. Bayan da aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Gwandu ya zo ya zauna a Sifawa, dab da Boɗinga, wajen 1810. Ƙanensa Abdullahi ya zauna a Boɗinga. Sakkwato a lokacin sabon gari ce, a 1809 Muhammadu Bello ɗan Shehu ya soma gina ta. Sai a 1815 Shehu ya koma can. Ashe wajen shekara biyar, manzannin Kano da Katsina da Zazzau in sun zo ganin Shehu, Sifawa suke nufa, Sakkwato ce abin wucewa. Da muka faɗa wa yara haka suka yi ta kallon garin ta taga, suna neman abin da zai tabbatar musu. Ba su ga kome ba sai rumfuna da jakuna da masu babura.

A shekarun nan ne, a 1812, Shehu ya raba riƙon ƙasa biyu: yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun Bello. Shi kansa ya koma ga karatu da karantarwa.

Mu malamai muna da dalilin tsayawa a kan Abdullahi, gama shi ma alli da allo ne aikinsa, in an bi salsala. Mutum ne mai yawan rubutu ƙwarai, da nahawu da shari'a da tafsiri da waƙa, yawanci da Larabci. A 1813 ya rubuta Tazyinul Waraƙati, inda ya tara waƙoƙinsa ya kuma ba da labarin yaƙe-yaƙen. A ciki bai ɓoye ba, ya faɗi yadda ransa ya ɓaci da ya ga waɗansu mutanensu sun juya ga neman dukiya da sarauta da manyan riguna. Wajen 1807 har ya bar rundunar ya kama hanyar Makka. A Kano mutane suka tsai da shi suka ce ya koya musu yadda ake mulki, ya rubuta musu littafi, daga nan ya komo. Ba addininmu ɗaya da shi ba, akwai kuma abubuwa cikin yaƙin nan, kamar kamun bayi, da ba za mu yaba ba. Amma wanda ya ci nasara ya zauna ya rubuta laifin ɓangarensa da hannunsa, irinsa ba su da yawa, ko a majalisun ikilisiyoyinmu.

Labarin da ya fi kama yara shi ne na ƙofa. Shehu ya rasu a Sakkwato cikin watan Afrilu na 1817. Da labari ya kai wa Abdullahi ya hau doki da mutanensa ya nufi can, shi ne babba a gidan, da yawa kuma suna tsammani shi zai gada. Da ya iso ya tarar an rufe ƙofar gari, an riga an yi wa Bello mubaya'a. Bai ta da yaƙi ba. Ya juya kan dokinsa, daga baya ya koma Gwandu da zama. Baffa da ɗa suka yi 'yan shekaru ba su ga maciji. Sai da mutanen Kalambaina suka yi wa Abdullahi tawaye, abin ya gagare shi, Bello ya kawo masa gudummawa aka ci garin. Masu tarihi sun ce da suka gamu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki domin ya gai da baffansa, Abdullahi ya hana shi, shi ya sauka ya gai da Bello gaisuwar Sarkin Musulmi. Wata yarinya ta ce, "Malam, kamar Yakubu da Isuwa." Muka ce da ɗan kama, amma ta duba da kyau, a nan babban ne ya sauka. Abdullahi ya rasu a 1829.

Bayan tafiyar manyan nan garuruwan suka koma zaman noma da zangon fatake. Baturen Jamus nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya bi ta Boɗinga cikin watan Mayu na 1853 a hanyarsa ta zuwa Gwandu. Can Sarki Halilu ɗan Abdullahi ya ƙi yarda ya gan shi ido da ido.

Muka tsaya gindin wata bishiya domin yara su ci guzurinsu. Akwai dattawa a kan tabarma, muka je muka durƙusa muka gaishe su. Ɗayansu ya ce, "Maraba da baƙi, kun taho lahiya? Ɗiyan wa ag ga?" Muka ce, "Baba, 'yan makarantarmu ne, ta mishan, mun kawo su su ga inda Malam Abdullahi ya zauna." Ya yi shiru kaɗan, mu ma gabanmu ya ɗan faɗi. Sa'an nan ya sa aka kawo wa yara ruwa a kwanon sha, ya ce tun da yake bai taɓa ganin 'yan makaranta sun zo tambayar wannan ba, ko na garin. Shi ne kuma ya nuna mana gabas da sandarsa ya ce, in tarihi muke nema, kada mu manta da Satiru.

Satiru ƙauye ne da yake mil 14 kudu da Sakkwato, wajen Danchadi. Turawan Ingila sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903. Shekara uku bayan haka talakawan Satiru, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, suka ƙi biyan haraji, suka ce lokacin Mahadi ya yi. Cikin shugabanninsu akwai wani malami makaho, ana ce da shi Ɗan Makaho, wanda ya tsere daga ƙasar da Faransa ke mulki bayan wani tawaye a can. Ran 14 ga Fabrairu 1906 aka tura sojan doki su kama su. Mutanen da ke riƙe da gatura da fartanya suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20, suka ƙwace babbar bindiga. Ran 10 ga Maris aka komo musu da runduna, tare da mayaƙan Sarkin Musulmi. An kashe mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya la'anci duk wanda zai sāke gina shi ko ya nome filinsa.

Dattijon da yake ba da nasa bakin labarin bai ce Turawa ba, "Nasara" ya yi ta cewa. Yaran suka dubi juna, gama sun san sunan nan, an sha kiransu da shi a hanya. A mota muka yi musu bayani. Sojojin da suka rushe Satiru ba bishara suka kawo ba, gwamnatin Turawa ma ta daɗe tana hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakuna. Sai wajen ƙarshen shekarun 1930 aka bar S.I.M. ta kama aikin kutare a Amanawa. Amma mutumin ƙauye da aka kashe kakansa ba ya rarrabe farar fata da farar fata, suna ɗaya ya ba su duka, mu kuma muka gāji sunan. Gara yaro ya san abin da ke cikin kalmar da ake jifansa da ita.

Daga nan muka wuce Shagari. Fulani ne suka kafa ta, zuriyarsu kuma suka riƙe sarautar Magajin Shagari. A gidan nan aka haifi Shehu Usman Aliyu Shagari ran 25 ga Fabrairu 1925. Ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya je kwaleji a Kaduna, ya komo ya zama malamin makaranta a Sakkwato da Argungu. Ya tsara Waƙar Nijeriya domin yara su koyi labarin ƙasa da baki, dabarar da har yanzu muke sha'awa. Ya shiga Majalisar Wakilai a 1954, ya zama Shugaban Ƙasa ran 1 ga Oktoba 1979, soja suka tumɓuke shi ran 31 ga Disamba 1983. Ya rasu a Abuja ran 28 ga Disamba 2018, yana da shekara 93, aka kawo shi garinsu aka binne. Wannan duk yana cikin littattafai, yara kuma za su same shi a jarrabawa, ba mu daɗe a kai ba.

Abin da ba ya cikin littafinsu shi ne ruwan. An datse rafin Gawon Gulbi a Shagari, aka yi madatsa, ruwa ya kwanta ya yi faɗi. Ya kawo kifi da noman rani, ya kuma raba waɗansu ƙauyuka da dajin da suke samun itace. Cikin watan Afrilu na 2022 kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana, mutum 29 suka mutu, yawancinsu yara da 'yan mata da samari da suka tafi neman itacen girki. Cikin watan Mayu na 2023 wani ya sāke kifewa da yaran Dandeji, 15 suka mutu, su ma itace suka je nema.

Muka tsaya a bakin ruwan. Ga kwalekwale ɗaya yana tahowa, an yi masa lodi har bakinsa yana kusan shan ruwa, yara ne a ciki tsarar namu, ba mai rigar ruwa ko ɗaya. Namu suka daina surutu. Mu kuwa muna lissafi a zuci: wata ɗaya ne tak tsakanin Gidan Magana da abin da ya same mu a Sakkwato a 2022. Namu makokin mun yi shi makonni, a majami'a da gida, daidai ne kuwa. Na yara 29 ɗin nan mun ji a rediyo, muka ce Allah ya kiyaye, muka ci gaba da cin tuwo. Ko sau ɗaya ba mu tuna an ambace su a addu'ar ranar Lahadi ba, mu da muke koyar da labarin Basamariye kowace shekara. Mun faɗa wa yaran haka a wurin, gama ba daidai ba ne malami ya yaba wa Abdullahi saboda faɗin laifin ɓangarensa, shi kuma ya ɓoye nasa.

Ran Litinin muka ce kowa ya rubuta abin da ya gani. Yawanci labarin ƙofa suka rubuta, da dattijon da ya ba su ruwa. Yaron nan da ya ta da maganar bai rubuta tarihi ba ko kaɗan. Layi huɗu ya yi, yana tambaya nawa ake sayar da rigar ruwa, ko baikon makarantar Lahadi na wata uku zai sayi goma. Bai ce ya fasa komawa gida ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Mun kai takardarsa gaban dattawan ikilisiya. Waɗansu sun ce a yi, waɗansu sun ce kada a ɗauka muna neman wani abu ne a ƙauyukan, a bi ta hannun hakimi tukuna. An sa mu mu rubuta wasiƙar, mu kuma tambayo kuɗin rigar a kasuwa kafin zama na gaba, domin in za a yi, a yi kafin ruwa ya sauka.