Zaƙin Kaka a Ƙasar Maraɗi

Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A ƙasar Kanada akwai wani itace da Faransawa ke kira erabul, wanda hoton ganyensa ke jikin tutar ƙasar tun 1965. Ana tatsar ruwansa a watannin Maris da Afrilu, a dafa lita 40 kafin a samu lita 1 ta wani abu mai kauri kamar zuma. Idan kaka ta kama, mata kan kwaɓa shi da garin alkama da man shanu su gasa biskit. Jihar Kebek kaɗai ke samar da wajen kashi 70 cikin 100 na wannan zuma a duniya. A ƙasar Maraɗi kuwa, zaƙin kaka a gona ake noma shi: gujiya da riɗi da aya.

Duk baƙon da ya shiga babbar kasuwar Maraɗi ran Litinin ko Juma'a cikin watan Oktoba, ƙamshin soyayyar gujiya ne zai fara tarbarsa. Ga kantu, wato riɗi da aka soya, aka zuba cikin narkakken sukari, aka baza aka yayyanka tun bai huce ba. Ga dakuwa, wadda ake daka soyayyar aya da gujiya da sukari har su kama jikinsu, a dunƙula da hannu.

Gujiya ce ta gina garin. Bayan ambaliyar 1945 aka taso da shi daga cikin kwarin gulbi zuwa kan tudu, kuma da cinikin gujiya Alhazan Maraɗi da dama suka tara jarin farko. Masana'antar Siconiger ta fara tatsar mai a nan tun shekarun 1940, gwamnati kuma ta kafa kamfanin Sonara a 1962 don sayen amfanin da fitar da shi waje. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa wa shukar a 1975, su suka karya wannan kasuwa. Da manyan ma'aunai suka bar aiki, sana'ar ta rage a hannun mata.

Daga Maraɗi, ƴar tafiya kaɗan ta arewa maso yamma, sai Tibiri, garin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A bayan katangun gidaje ake aikin. A soya gujiya, a murje, a sheƙe, a kai niƙa, sannan a yi ta juya ƙullun ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Abin da ya rage shi ne tunkuza, ita ake murzawa a soya cikin manta ta zama ƙuli-ƙuli. Da ribar kwalbar mai da kwanon ƙuli uwa ke tara wa ƴarta kayan ɗaki.

Ta kudu da Maraɗi kuma, a gaɓar gulbi, akwai Jiratawa, inda aka shimfiɗa filin noman rani a farkon shekarun 1980, ana jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse. Da an kawar da amfanin damina sai a shuka alkama, wadda da ita ake yin alkaki, a tsoma shi cikin zuma ko sukari a jera cikin garar amarya. Garin ya yi suna kuma da zogale, wanda ba ya kwaɗuwa sai da dakakken ƙuli-ƙuli. Ashe Tibiri da Jiratawa kan haɗu cikin akushi guda.

Sai dai a teburan bakin hanya da ƙofar makarantu, biskit na kwali da ake shigowa da shi ta iyakar Ɗan Issa yana gogayya da kantu da dakuwa, ya kuma fi su kyan sutura. Mutanen Kebek ba su raina abin gidansu ba: sun kafa ƙungiya, sun tsai da ma'aunin inganci, sun zuba shi cikin kwalba mai suna. Ɗan kasuwar da ke neman inda zai sa jari, da ma'aikacin da ke neman tsarabar da zai kai Yamai, ya kamata su waiwayi faifan matan nan tun kaka ba ta wuce ba.