Hausar Bakin Dutse

Har yau idan ƙamshin citta da kanumfari ya haɗu da hayaƙin gawayi, sai hancina ya shiga neman na ukunsu, wato ƙurar dutsen nan mai laushi da ke sauka a kan komai a Mpape, a kan burodi, a kan gira, a cikin aljihu, har a bakin randar da muke rufewa da faifai. Kawu ne ya ɗauko ni daga Malumfashi in taya shi tsaron teburin shayi a hanyar da tifofi ke bi zuwa wurin fasa dutse na Berger, na biyo shi da adudun kakata a ka da silifa mai ɗinkin waya. Ina mamakin yaron nan da nake a lokacin. Ko tsoro bai ji ba.

Kafin assalatu Kawu ya hura wuta, ni kuma na jera kofuna a ƙarƙashin aci-bal-bal, sai leburori su fara gangarowa daga ɗakunan langa-langa, shebur a kafaɗa, tsumma a hanci. Tibi da Idoma daga Binuwai, Angas da Birom daga Filato, direbobi Yarbawa, Ibo masu sayar da kayan mota, Buzaye masu gadi da suka kwana a zaune cikin rawani, daga baya kuma matan Fulani da ƙwaryar nono. Kowa ya ga ɗan garinsu sai ya gaishe shi da harshen gida. Da ya juyo ga na kusa da shi a benci, sai Hausa. Kawu da kansa har lokacin da fam da sule yake lissafi, naira biyu ba ta taɓa zama naira biyu a bakinsa ba, kuma duk wannan taro sun bi shi a haka, har Ibo ɗin da ya fi kowa iya lissafi.

Akwai wata safiya da wani Batibe da wani Ba'angashe suka kaure da rigima a kan shebur, babu Bahaushe a cikin maganar, amma da Hausa aka yi ta tun daga zagi har sulhu.

"Kai ne ya ɗauki shebur nawa!"

"Ni ban taɓa ba. Matanka ne ya zo ya ɗauka jiya."

Kawu bai ɗaga kai daga tukunya ba. Sai da suka gaji ya ce, "Ɗan nan, zuba musu, ka rubuta a kaina." Suka sha a kofi biyu, suka tafi da shebur ɗaya.

Ita kuwa Mama, 'yar Gbagyi da ke kawo mana itace, ba a ka take ɗauko kaya ba, a kafaɗa take ɗorawa, cikin ɓarin ƙwarya da ya yi baƙi don daɗewa. Takan nuna mini tudun da injin ke ci ta ce gonar doyar babanta ce. Idan Kawu ya miƙa mata kuɗi sai ta juya gefe ta ƙirga a hankali da Gbagyi, leɓenta na motsi, sa'annan ta juyo ta faɗi jimla da Hausa. Haka kowa yake. Idan jiniya ta yi kuka aka tayar da nakiya, ƙasa ta girgiza, cokula suka yi ƙara a cikin langa, sai ka ji kowa ya kira Ubangijinsa da harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi. Ƙura na lafawa a koma, "Allah Ya kiyaye." Ran Lahadi ma, daga cocin ECWA da ke bayanmu, 'yan Zumuntar Mata na buga tulu suna waƙa da Hausa, alhali da wuya a sami wadda ta sha ta a nono. Da na je gida Babbar Sallah na buɗe baki, Inna ta dube ni ta ce, "Wannan Hausar ta wace ƙasa ce?"

Shekaru sun ja kafin in san cewa akwai ƙasar da aka gina kacokan a kan irin wannan benci. A Mina ne, tantinmu ba nisa da na alhazan Indonesiya, waɗanda suka fi kowace ƙasa yawa a aikin Hajji, sama da 200,000 a shekara. Wani dattijo mutumin Jawa, mai ɗan Larabcin zaure irin nawa, yakan zo mu sha shayi. Abin da na sani game da ƙasarsu a lokacin bai wuce Indomie ba, wadda ta zo teburan masu shayi bayan zamanin Kawu. Ya nuna mini abokan tafiyarsa: wannan Sunda ne, wancan Bugis daga Sulawesi, wancan Minangkabau daga Sumatra. A gida kowa da harshensa, harsuna fiye da 700 a tsibirai fiye da 17,000, amma a tanti Bahasa Indonesia suke yi. Tushenta harshen Melayu ne, na fatake da matuƙan jiragen ruwa da ke hada-hada a tashoshi irin su Malaka. Ranar 28 ga Oktoba 1928 matasa daga tsibirai daban-daban suka taru a Batavia, Jakarta ta yau, suka yi alkawarin riƙe ta harshen haɗin kai, tsarin mulkin 1945 kuma ya mai da ita harshen ƙasa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutanen Jawa su ne kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙasar, amma ba harshensu aka ɗauka ba. Dattijon ya ce nasu yana da hawa-hawa, da yadda ake yi wa babba magana da yadda ake yi wa tsara, ita kuwa Melayu ta kasuwa ba ta tambayar asalinka. Sai ya yi shiru, ya ce jikokinsa da ke Jakarta ba su iya yi masa magana da harshen girmamawa na Jawa ba.

Na koma Mpape bayan girgizar ƙasar Satumban 2018. Ramin fasa dutse na Crushed Rock ya cika da ruwa, gidaje sun haye duwatsun da muke tsinkar ɗinya. Mama ta rasu. Jikanta ne, ɗan acaɓa, ya hau da ni tudu, Hausarsa tsaf, ta fi wadda na kai wa Inna. Na tambaye shi Gbagyi, ya ce yana ji amma mayarwa na ba shi wuya, sai in ya je ƙauye wajen Bwari.

Mu babu taron da aka yi, babu alkawarin da aka ɗauka, ciniki da leburanci ne suka shimfiɗa Hausa a bakin dutsen nan. A Indonesiya masu rinjaye ma sai da suka zauna suka koyi harshen da ba na gidansu ba. A Mpape kuwa gefe ɗaya ne ya ɗauki nauyin koyo, cikinsu har da Gbagyi masu ƙasar.