Tanon magani ba ya zama randa

Kai mai karatu, na san ka saba ganin bido da tano jibge a kasuwa ana ciniki. Mai saidawa zai ce maka an wanke su tas. Wasu man gyaɗa anka zuba cikinsu, ba laifi. Wasu kuwa maganin fara ko na tsutsar wake sunka ɗauko. Irin waɗannan, ko an wanke su sau goma da toka da sabuni, roba ta riga ta sha guba, kuma za ta dinga sako ta kaɗan kaɗan cikin ruwan da ɗiyanka ke sha. Na yi shekaru ina karantar da manya, ina bin malaman gona ƙauye ƙauye, shi ya sa nake so mu tattauna wannan magana.

A shekarar 1988 farin dango sunka mamaye ƙasashen Sahel, sunka sake dawowa a 2004. Duk lokacin da haka ta faru, magani na shigowa tano tano, na saye da na taimako. Fara ta wuce, saura ya zauna cikin mangaza. Rana ta doke shi, ƙarfe ya yi tsatsa, ya fara yoyo, ƙasa ta sha. Akwai wani tsohon maganin fara mai suna diyaldirin. Shekaru yake yi cikin ƙasa bai lalace ba, kuma yana taruwa cikin kitsen dabba da na mutum. Da anka daina aiki da shi, sauran da ke Nijar ya zama kaya. Ba a iya zuba shi rami, ba a iya ƙona shi a fili, don hayaƙinsa ma guba ne. A 1991 sai da anka tattara shi, anka kai shi har ƙasar Holan, inda ke da murhu na musamman mai tsananin zafi. Ka ji nisan tafiyar da shara ta yi kafin a rabu da ita.

Masu irin wannan kwasa ba a tura su haka kawai. Sai an yi musu horo: yadda ake sa rigar kariya da safar hannu ta roba da takalmi da abin rufe hanci, yadda ake tuɓe su ba tare da an taɓa bayansu ba, yadda ake juye tsohon tano cikin sabo. In magani ya zube, ba a kora shi da ruwa. Rairayi ake zuba masa ya tsotse, a kwashe da shebur, a rufe cikin mazubi, a rubuta abin da ke ciki. Masu feshin yaƙi da fara har jininsu ake aunawa, in an ga guba ta fara kama jiki a janye mutum ya huta.

To, mu a ƙauye fa? Ma'aikatar kare shuke-shuke tana horar da manoma da gari ya zaɓa, waɗanda muke ce ma birgadiye. Su ne malamanmu na kusa. In garinku na da birgadiye, ka je ka zauna da shi tun rani, kada ka bari sai tsutsa ta hau wake. Abin da zai fara nuna maka shi ne takardar da ke liƙe jikin kwalba. A gindinta akwai zane mai launi. Ja, mai ƙoƙon kai da ƙasusuwa, shi ne mafi haɗari. Rawaya na bi masa, sannan shuɗi, sannan kore. Kore ma ba abin sha ba ne. Akwai ƙananan hotuna kuma: mutum da safar hannu, mutum na wanke jiki, kwalba cikin akwati mai kwaɗo. Wanda bai iya faransanci ba yana iya karanta waɗannan. Kwalbar da ba ta da takarda, irin piya-piya da ake aunawa a tsohon kwalin lemo, kada ka shigo da ita gida. In abu ya faru, lokotoro ba zai san gubar da zai yi yaƙi da ita ba.

Feshi da safe ake yi ko da marece. Kada iska ta maido maka magani a fuska. Ba a cin goro, ba a shan taba, ba a busa bakin famfo in ya toshe, da ɗan tsinken ciyawa ake buɗe shi. Kwalba in ta ƙare, a zuba ruwa kashi ɗaya cikin huɗu, a girgiza, a juye cikin famfon feshi. A yi haka sau 3, sannan a huda gindinta da ƙusa don kada kowa ya yi sha'awarta. Na san hudawar nan tana da ciwo a zuciya, don bido kuɗi ne. Amma kuɗin bido bai kai na kwana ɗaya a likita ba.

Ka riƙe alamomin nan, don yawancin maganin da muke fesawa ta fata yake shiga, ba sai an sha ba. Ciwon kai, jiri, zufa mai yawa, yawu na dalala, amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi wuya. Wanda ya fara haka, a fidda shi daga gona, a tuɓe masa tufa, a wanke shi da ruwa da sabuni, a nufi likita da shi tare da kwalbar. Mutanenmu na cewa a ba shi nono ko man shanu. Kada a ba shi. Ba ya kashe guba, kuma wanda ya galabaita yana iya shaƙewa.

Haka ƙwayar fostoksin da ake sa ma buhun wake. Da ta sha damshin iska sai ta saki wani hayaƙi da ba a gani, wanda ke kashe ƙwaro, yana kuma kashe mutumin da ya kwana ɗaki guda da buhun. Tun 2007 akwai buhun PICS mai riɓi uku, wanda masu binciken gona na Maraɗi sunka sa hannu wurin gwajinsa. Leda biyu ciki, buhu waje, a ɗaure kowane daban. Ƙwaro ya rasa iska ya mutu, ba ko ɗigon magani.

Akwai abin da ke damuna game da horon nan. Sau da yawa kwana biyu ko uku ake yi, a raba safar hannu, a tafi. Damina biyu safa ta yage, ba inda za a sami wata, sai mutum ya koma damawa da hannu. Takardun da ake bari kuma da faransanci suke, suna kwance cikin akwatin mai gari. Sannan wa ke wanke rigar mai feshi? Uwargida. Wa ke share ɗakin ajiya, wa ke sayo bido don ruwa? Ita ce. Amma a taron horon da na halarta, da wuya ka ga mace zaune.

Saboda haka in malamin gona ya zo garinku, ku roƙe shi abu biyu. Ya yi zama na dabam da mata, da rigar feshi da kwalba a hannu, ya nuna musu cewa rigar nan ita kaɗai ake wankewa, nesa da rijiya, ba a haɗa ta da tufafin yara. Kuma ya faɗa muku inda za ku maida kwalaben da kunka huda da sauran maganin da ya tsufa, da ranar da za a zo kwasa.