Akawal Bai San Tarihin Autanmu Ba

Mai karatu, akwai wani fim na Amurka da na kalla har sau uku, kuma duk kallon sai na share ƙwalla. Sunansa Concrete Cowboy, Ricky Staub ne darakta, ya fito a Netflix a 2021. An ɗauko shi daga littafin Ghetto Cowboy na Greg Neri, kuma Idris Elba ne ya fito a uban yaro. Labarin wani ɗan shekara 15 ne mai suna Cole, wanda ya gagari makaranta, ya gagari uwarsa a birnin Detroit. Da ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta kwashe shi zuwa Filadelfiya, ta sauke shi a ƙofar gidan ubansa, ta juya. Yaro na shiga ya tarar da doki tsaye a falo!

Abin da ke sa ni ƙwallar shi ne, ni na ga wannan labari a gidanmu tun kafin a yi fim ɗin.

Autanmu yana ɗan shekara 17 ya fara shan maganin tari mai kodin, a 2017. Da farko wayar Hajiya ce ta ɓata, sai dutsen guga, sai kan keken ɗinki. A 2018, bayan binciken nan da BBC ta nuna, gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin da shigo da shi. Kwalba ta yi tsada, shi kuma ya koma ƙwaya. Mu kuwa da jahilcinmu muka kai shi wani gidan mari. Wata biyu ya dawo da tabo a idon sawu, magana kuma ta ɗauke masa. Sai a lokacin muka nufi asibitin masu taɓin hankali, inda ya kamata mu fara zuwa tun farko. Likitan ya ɗora shi a kan magani, sannan ya dube ni ya ce, "Magani zai yi nasa aikin. Amma in gari ya waye, me yaron nan zai tashi ya yi?"

Wallahi ban da amsa. Bakanike ya ƙi karɓarsa, mai shago ya ƙi. Wa zai saka ɓera gadin daddawa?

A bayan layinmu akwai wani dattijo da ke kiwon dawaki uku na wani attajiri mai hawan Sallah. Baba kawai muke ce masa. Ran nan bayan sallar asuba ya riƙo hannuna ya ce, "Turo mini ƙanen nan naka, ina neman mai kwashe kashin doki." Na ce, "Baba, ka dai san halinsa?" Ya ce, "Na sani. Dokin ne bai sani ba."

Wata guda cur ko sirdi bai taɓa ba. Shara, ɗibar ruwa, dama dusa da kanwa, yanka harawa, wanke kofato. In ka kalli fim ɗin za ka tuna haka aka yi wa Cole, shebur aka fara miƙa masa. A cikin dawakin akwai wani akawal, baƙi wuluk, mai zuciya, wanda ba kowa ke zuwa turkensa ba. Wata safiya auta ya shiga barga a fusace, sun yi sa-in-sa da Hajiya. Yana miƙa hannu dokin ya kwantar da kunnuwa baya, ya ja ragama, ya juya masa ƙugu. Baba ya ce, "Fita ka yi alwala ka dawo, ɗan nan. Doki ba ya karɓar hannun mai fushi." Ya fita ya dawo a sanyaye, akawal ya sunkuyar da kai ya bari aka shafa wuyansa. Ina tsaye na ga wannan. Abin da muka yi shekara muna faɗa masa da tsawa, dabba ta nuna masa cikin minti goma.

Daga baya ne na karanta cewa Turawa sun mai da wannan abu fanni guda na jinyar ƙwaƙwalwa. Dalilinsu kuwa, doki dabba ce da namun daji ke farauta, don haka Allah ya yi shi da saurin lura. Idanunsa na gefen kai, yana gani kusan ta kowane ɓangare, kuma yana gane taurin jikin mutum da gaggawar motsinsa. Ka zo da fushi ya ja baya, ka natsu ya matso. Yaron da ya ƙi buɗe baki gaban likita, sai ya ga halinsa ƙiri-ƙiri a jikin doki. Akwai wata ƙungiya, Eagala, da aka kafa a Amurka a 1999, wadda tsarinta shi ne mutum biyu su tsaya a kan mai jinya, masanin lafiyar ƙwaƙwalwa da masanin doki, kuma a ƙasa ake aikin, babu hawa.

Su ma mahayan cikin fim ɗin ba ƙirƙira ba ce. Kulob ɗin Fletcher Street na nan a arewacin Filadelfiya, inda dattawa baƙar fata ke janye yaran unguwa daga titi da dawaki, har wasunsu sun fito a fim ɗin. A Landan ma akwai Ebony Horse Club a unguwar Brixton. A can Khadijah Mellah ta koyi hawa, yarinyar da ta ci gasar sukuwa ta Magnolia Cup a Goodwood a 2019, tana da shekara 18, da hijabinta.

Kada ka ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. A wata na huɗu auta ya ɓace kwana uku. Ya dawo idanu jajur, ni kuma na tanadi dorina. Baba ya riga ni. Bokiti kawai ya miƙa masa, ya ce, "Kwana uku ni ke ɗibar ruwa da wannan tsohon bayan nawa, akawal kuma sai waige yake." Yaron nan ya durƙusa a gindin turke ya yi kukan da bai yi ba ko a gidan mari. Washegari na mai da shi wajen likita. A hanya ya ce mini, "Yaya, kowa ya kalle ni ɓarawon waya yake gani. Shi kuwa mai kawo dusa yake gani."

To, mai karatu, doki shi kaɗai ba magani ba ne. Ai kana ganin wasu 'yan kilisa a buge suke sukuwa a kan titi. Hannu uku ne suka ɗaga autanmu: likitan da ya riƙe jinya, dattijon da ya ba shi aikin da ke jiransa kullum da asuba, da mu 'yan gida da muka koyi rage gori. Can ƙasashen da na ambata, makarantu da asibitoci da masu barga ke haɗa kai su tura wa juna yara. Mu kuwa da muke da dawaki tun daga Kano, Katsina da Zazzau har Damagaram, ga barga ga asibiti a gari ɗaya, amma babu mai gabatar da wannan ga wancan.

Ku kuma marubuta da 'yan fim, ina da ƙorafi. Mashayi a labaranmu ko dai ya haukace, ko a yi masa wa'azi ya shiryu a fitowa ɗaya. Ina labarin watannin da ke tsakani, na shebur da faɗuwa da sake tashi?

A Sallar da ta wuce, auta ne zagin akawal, yana riƙe da linzami cikin farar riga. Har gobe yana zuwa ganin likita in lokacinsa ya yi, har gobe in ya yi dare gaban Hajiya na faɗuwa. Amma da asuba, ƙarar bokiti muke fara ji. Allah ya shirya mana zuri'a, ya saka wa Baba da alheri, amin.