Fiyanon Kawu Mai Jin Zafin Rana

A shagon Kawu na gyaran rediyo, nan cikin Birnin Kebbi, na fara ganinsa. Shekarar 1988 ce, muna cikin Jihar Sakkwato tukuna, don sai 1991 aka yanka mana Kebbi. Wani direba ne ya shigo da shi ta Kamba cikin kayan gwanjo, ya ba Kawu a madadin kuɗin gyara. Ɗan ƙaramin abu ne mai ruwan toka, da madannai 32, an rubuta Roland SH-101 a goshinsa. Mu dai fiyano muke ce masa. Sai da na girma na san sunansa sintesaiza, kuma a Japan aka fara ƙera irinsa a 1982.

Murya ɗaya yake fitarwa a lokaci guda, kamar algaita. Ka danna madannai uku, ɗaya zai amsa maka. Amfaninsa a wurinmu shi ne yana cin batir shida manya, saboda haka ko NEPA ta ɗauke wuta ba ruwansa.

Aibinsa kuwa, ba ya zama inda aka ajiye shi. A cikinsa ƙarfin lantarki ne ke tuƙa murya: a ƙara bolt ɗaya, muryar ta ninka, ta hau zuwa 'yar'uwarta ta sama. To, kayan da ke wannan lissafi suna jin zafi suna jin sanyi. Da safiyar hunturu muryarsa daban, da azahar ta bazara daban.

Don haka saitinsa ya zama wani aiki mai ladabi. Kawu zai kunna shi ya bar shi kamar rabin sa'a, ya ce sai jikinsa ya yi ɗumi, ya tafi ya sha kunu. In ya dawo sai ya ciro wani ƙarfe mai yatsu biyu daga gwangwanin madara, an buga 440 a gindinsa. Ya ƙwanƙwasa shi a gwiwa, ya kafa gindin a kan teburi, ni kuma in danna madannin da ya yi wa ɗigo da jan fenti. Muryoyin biyu in ba su daidaita ba, sai ka ji sautin yana rawa, wuu-wuu-wuu, kamar ana kaɗa faifai a bakin kunne. In fiyanon yana kan 442, rawar sau biyu ce a daƙiƙa.

"Kai yaro, mi kaj jiya?"

"Yana rawa, Kawu."

"Da sauri ko sannu?"

Sai ya sa ɗan siririn sukundireba cikin wani ɗan ƙusa da bai kai ƙwayar wake ba, ya murɗa shi kaɗan, abin da ido ba zai gani ba. Rawar ta yi sanyi, ta yi sanyi, har ta kwanta. Ban taɓa mantawa da wannan kwanciya ba. Amma aiki bai ƙare ba, don akwai ƙusa na biyu mai kula da tazara. Ana iya samun 440 daidai, a hau sama a tarar 880 ta kauce. Ka gyara na biyu, na farko ya motsa. Haka za a yi ta kai da komo, wani lokaci har a kira la'asar. Mitarsa ta awon lantarki tana nan a gefe, amma Kawu ya fi yarda da kunne.

Abin da ya sa masa wannan ƙauna, ina jin, rediyon Yamai ne. Muna kama shi tangaran a nan, kuma tsakanin shirye-shirye akan sa wani kiɗa mai sanyi na lantarki. Kawu yakan ajiye ayan ɗinsa ya saurara. Daga baya na san na Mamman Sani ne, mutumin Nijar da ya ɗauki kaset a 1978 da wani ogan ƙirar Italiya mai suna Orla. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, duniya ta ji abin da mu muka ji a banza muna yara.

Sau ɗaya muka kai fiyanon Argungu, bikin wani ɗan'uwa. Kawu ya saita shi tun da asuba cikin sanyi, muka ɗora shi a bayan a-kori-kura, ya sha rana kimanin kilomita 50. Ana kunnawa ya fito da wata murya kamar ta ɗan akuya. Mata suka fashe da dariya. Wani tsoho mai kalangu ya matso, ya ce, "Malam, ashe naka ma fata gare shi?" Ya ce shi ma da sanyin safiya sai ya gasa gangarsa a bakin wuta kafin ta yi magana. Kawu ya ja fiyanon inuwar darbejiya, ya buɗe cikinsa a kan tabarma, ya saita shi da muryar mawaƙin bikin, ya bar zancen 440. Suka yi kiɗa tare har magariba. Washegari muka leƙa Matan Fada, na ga ruwan da ake bikin kamun kifin nan da aka fara tun 1934, amma gaskiya kiɗan jiya ne a kaina.

Daga baya fiyanon Yamaha masu ƙwaƙwalwar kwamfuta suka cika gari, irin waɗanda waƙoƙin finafinan Kano suka tashi a kansu. Ba sa kaucewa, ba sa neman sukundireba. Na yarda sun fi sauƙi, amma ni ban taɓa jin ɗayansu ya koya wa yaro saurare ba.

Bayan rasuwar Kawu, aka kwashe shagon aka sayar wa 'yan gwangwan, har da fiyanon. Ƙarfen nan mai yatsu biyu kaɗai na tsira da shi. In akwai irin wannan fiyano a ɗakin ajiyar gidanku, a Kebbi ko Argungu, don Allah kada ku ba da shi a kan kilo. Ku cire tsofaffin batiran tukuna, don ruwansu yana cinye wayoyin ciki.