Yauƙin Waken Japan Da Ke Tace Ruwa

Duk wanda ya sauka birnin Mito, arewa maso gabas da Tokyo, da wuya ya koma gida bai riƙo tsarabar natto ba. Waken suya ne ake dafawa, a ƙunshe a karan shinkafa, a bar shi a wuri mai ɗumi har ya ruɓa. Da aka kwance mini ƙunshi guda, warin da ya daki hancina na daddawa ne sak. Ashe 'yan'uwa ne, domin ƙwayar halittar da ke ruɓar da kalwa, Bacillus subtilis, danginta ne ke aiki a nan. Bambancin shi ne yauƙi. Idan ka ɗago waken da tsinke, zare fari ne zai biyo shi har tsawon hannu bai tsinke ba.

Wannan zaren, wanda masana ke kira asid ɗin poligulutamik, shi ya kai ni Osaka. Can ne mazaunin kamfanin Nippon Poly-Glu na Kanetoshi Oda, mutumin da girgizar ƙasar Kobe ta 1995 ta sa wa tunani: jama'a na dogon layin ruwa, ga tafkuna a kusa amma ba su shayuwa. Ya yi shekaru yana gwaji kafin ya haɗa yauƙin da sinadarin kalsiyam, ya samar da farar hoda.

A gabana aka cika kwalba da ruwan kududdufi, aka zuba hodar kan ƙaramin cokali, aka yi ta juyawa. Can sai dattin ya fara haɗa kansa guda-guda, gudajin suka yi nauyi, suka gangara ƙasa, saman ya washe har ana hango yatsa ta bayan kwalbar. Dogon zaren ne ke kamo ƙurar da ke yawo a ruwa ya ɗaure ta wuri ɗaya. Giram guda kan isa kimanin lita 10, kuma ƙwayoyin halittar ƙasa suna cinye zaren daga baya, ba ya taruwa a muhalli. Sai dai hasken ruwa ba shi ne lafiyarsa ba. Dole a tace da ƙyalle, sannan a tafasa ko a sa kulorin. Haka ake yi a ƙauyukan Bangaladash, inda mata ke bi gida-gida suna sayar da hodar, da kuma Somaliya da Tanzaniya.

Daga nan na nufi Tomioka a lardin Gunma, inda masaƙar siliki ta 1872 ke nan tsaye. Sana'ar siliki ce ta tono wata ƙwayar daga dangin Bacillus. A 1901 Shigetane Ishiwata ya gano abin da ke kashe tsutsar siliki farat ɗaya, ƙwayar da daga baya aka raɗa wa Bacillus thuringiensis a Jamus. Tana yin wani furotin da ke huda cikin tsutsa idan ta ci, amma ba ya cutar da mutum, ko tsuntsu, ko kifi, kuma rana na lalata shi cikin 'yan kwanaki. Annobar masu kiwon tsutsa ta zama maganin masu kabeji, shi ya sa har yau ake gargaɗin manoman Japan kada feshin ƙwayar ya taɓa ganyen da tsutsar siliki ke ci.

Mu ma mun ci moriyarta. Shirin yaƙi da makantar kogi a Afirka ta Yamma, wanda ya gudana daga 1974 zuwa 2002 har da Nijar da Gana, ya zuba wani nau'inta a koguna domin kashe tsutsar ƙudan da ke yaɗa cutar, bayan da tsutsar ta fara bijire wa maganin da aka saba zubawa.