Liyarin Goggo

Yau labarin wani aiki zan ba ku, wanda aka ba mu a makarantar koyon zane da sana'ar hannu, domin abin da na koya a cikinsa ya shafi duk macen da ke da adaka a ɗaki.

Malaminmu ya ce kowa ya zaɓi mutum guda wanda ya sani, ya tsara masa abin ado, yadda duk wanda ya gani zai ce lalle wannan na wance ne. Aka ba mu mako shida. Ni kuwa nan take na zaɓi Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun daga yaye, da kuɗin furarta kuma na yi karatu.

Kun dai san abin da ake yayi, sarƙa mai ɗauke da sunan mai ita. Na kwana uku ina zanen sarƙa da zobe, na rangaɗa sunanta da manyan baƙaƙen boko, na kai mata ina murna. Da na karanta mata sai ta riƙe baki, ta ce, "Ke 'yar nan, sunana na yanka zan rataya a wuya in bi gari yara na karantawa? Ko marigayi bai taɓa kirana da shi ba." Zoben kuwa ta ce hannun da ke cura fura kullum, ai gari ne zai cika ramukansa.

To, kun ji fa. Ashe kaina na tsara wa, ba Goggo ba.

Da ta ga jikina ya yi sanyi, sai ta buɗe adaka, ta kwance wani ƙullin tsumma, ta miƙo mini liyari guda, gadon mahaifiyarta. Ƙila wasunku ba su san shi ba. Kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya, mai hoton sarauniyarsu Mariya Tareza. Ta rasu a 1780, kuma duk wanda aka buga bayan rasuwarta wannan shekarar aka rubuta masa. Fatake ne suka riƙa kawo shi ƙasarmu, kakanninmu mata suna ado da shi. Goggo ta ce, "Kai wa maƙeri ya narka, ki yi aikinki, kada ki faɗi jarrabawa."

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya biya, gama azurfa da tsada, ni kuwa ba ni da ko sisi. Na tafi Kasuwar Kurmi ta Kano wurin wani tsoho maƙerin farfaru. Ya aza shi a ma'auni, ya ce giram 28 ne, ya isa aikin har ya yi saura. Sa'an nan ya dube ni, ya ce, "'Yata, kafin la'asar zan iya narkar da shi. Amma abin da ya shiga wuta ba ya komowa." Na ƙulle abina na koma gida. Daren nan ban runtsa ba.

Da gari ya waye na sayar da 'yan kunnena, na sayi 'yar azurfa kaɗan. Na ajiye fensir, na zauna ina kallon Goggo tana aiki. Na lura yatsunta sun yi tauri, ba za su iya ƙaramin maɓalli ba. Na ga kullum tana sunkuye kan turmi, doguwar sarƙa za ta dame ta. Na kuma ga zanen da ke bakin ƙwaryar furarta, wanda duk unguwa ta san ta da shi.

Sai na tsara ƙawanya wadda za ta rungumi liyarin ba tare da an huda shi ba, da zanen ƙwaryar nan kewaye da ita, da gajeriyar igiya mai babbar ƙugiya. Na gina siffar da kakin zuma, maƙeri ya lulluɓe ta da yumɓu, ya gasa har kakin ya tsiyaye, ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. Da ta huce aka fasa yumɓun, na hau goga da magagari.

Ban zo na ɗaya ba. Malam ya ce gugar ba ta yi sumul ba, kuma gaskiyarsa. Amma duk abin da ya tambayi dalilinsa, ina da amsa. Goggo kuwa da kanta ta ɗaura, ba wanda ya taimaka mata, ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Da shi ta tafi suna a makon nan.

Saboda haka 'yan'uwa, in za ku sa a ƙera wa wata abin ado, ku fara duba hannunta da sana'arta da kunyarta tukuna. Abin da iyaye suka bar muku kuma, kada ku yi gaggawar kai shi wuta don yayi, gama yayi wucewa yake yi.

Sai wani makon, in Allah ya kai mu.